Amsar Goggo ga Altine kan ranar 27 ga Yuli

Assalamu alaikum, Altine 'yata.

Saƙonki ya same ni tun shekaranjiya da la'asar, ina tsakar gida ina tsinkar zogale. Ban amsa nan take ba, don tambayar taki ba ta amsar tsaye ba ce, sai an shimfiɗa tabarma. Ina fata kina lafiya, da maigidan, da 'yar jikata. Mu nan Bajoga sai hamdala. Ruwa ya zauna, an gama firi ana maimai, gero ya rufe kunya.

Kin ce kin ji wani shiri a rediyo ana karanto abubuwan da suka faru a duniya ranar 27 ga Yuli, wato ranar haihuwarki, da waɗanda aka haifa a cikinta, har kika rubuto mini wasu. Kin ce abokan aikinki suna so su yanka miki kek, surukarki kuma ta ce wannan ba al'adarmu ba ce. Sai kika tambaye ni yadda mutanenmu suke riƙe ranar haihuwa a da, da dalilin da ya sa aka rubuta wa Inna 1 ga Janairu a katinta. Har kika ƙara da cewa ko dai mu ba mu damu da ranaku ba ne. Wannan ta ƙarshen ita ta fi tsaya mini a rai.

To fara da sunan da na kira ki da shi. Kina da sunanki na yanka, amma duk gidan nan babu mai kiranki da shi. Altine ake ce miki saboda ran Litinin kika faɗo duniya. Ina nan, da idona na gani. Tun asuba hadari ya haɗo daga gabas, kafin hantsi ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, babanki ya fita neman ungozoma ya dawo jagab, riga ta manne masa a jiki. Itacen da aka tara don wankan jego duk ya jiƙe, ni da Inna muka yi ta fifita murhu, hayaƙi na cin idonmu, kafin ruwan ganyen darbejiya ya tafasa. Da kika yi kukan farko Inna ta leƙo ta ce, "Altine ta zo da ruwanta." Shi ke nan suna ya bi ki. Da Litinin ta zagayo, bayan sallar asuba, maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, aka yanka rago, wanzami ya zo ya yi miki askin fari. Mata kuma muka wuni ana dama kunun kanwa. Ko a yau kika tambayi tsofaffin unguwarmu za su ce miki an haife ki da damina, ana maimai, shekarar da Abacha ya rasu. Kuma ba su yi kuskure ba. Ya rasu ran Litinin 8 ga Yuni 1998, ke kuma kika zo bayan mako bakwai cif.

Haka muke ajiye ranar mutum, a jikin sunansa, yana yawo da ita har kabari. Ladi da Ɗanladi na Lahadi ne, Talatu ta Talata, Balarabe da Laraba, Lami da Ɗanlami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Wanda ya zo ana azumi Ɗan'azumi ne, mace Azumi. Ranar salla akwai Sallau da Tasalla. Nomau ya zo ana tsakar noma, Anaruwa ya zo ana ruwa, Marka ta zo lokacin da sama ba ta ɗaukewa. Wasu sunayen kuma matsayin yaro a ɗakin uwarsa suke faɗa: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da ubansa da rai ba, Auta ya rufe ƙofa. Alkunya ma ta taimaka, tunda uwa ba ta kama sunan ɗan fari, suruka ba ta kama sunan da ya yi daidai da na surukinta, dole a nemo wani sunan, mafi sauƙi kuwa shi ne na ranar da yaro ya zo. Baƙo zai shigo gari, daga jin sunansa kaɗai tsohuwa ta san rabin labarin haihuwarsa.

Shekara kuma da abin da ya faru ake gane ta. Tsofaffin da na tarar suna cewa wane ya girmi yunwar Kakalaba, wadda aka yi a 1914. Ni an ce mini shekarar zuwan Sarauniya aka haife ni, sai da na shiga makaranta na san 1956 ke nan. Wasu suna lissafi daga isowar jirgin ƙasa Gombe, wasu daga rasuwar Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, wasu daga canjin hannu na 1972 da motoci suka koma dama, wasu daga canjin kuɗi na 1973 da fam da sule suka tafi naira da kwabo suka zo. A wannan lissafin mutum ba ya tsayawa shi kaɗai. Ana cewa sa'an wane ne, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi wasan tashe. Kuskuren shekara ɗaya ko biyu yana shiga, ban musa ba, amma wa ya girmi wa ba a taɓa ruɗewa a kansa, don a nan ne girmamawa take.

Maganar Inna da 1 ga Janairu kuwa, ni ma hannuna yana ciki, irin wannan rubutun na yi shi da yawa. A 1976, da gwamnati ta kawo ilimin firamare kyauta ga kowa, ina sabuwar malama. Aka ajiye mana tebur a gindin tsamiya, ga rajista, ga yara jere har bakin hanya, babu mai takarda ko ɗaya. Sai mu ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa shiga aji ɗaya, a rubuta masa shekara shida. Na tuna wata 'yar ƙanƙanuwa da ta dinga karkatar da kai tana miƙa yatsu har da ɗage, don kada a raba ta da yayarta. Na rubuta ta. Gurbin rana da wata kuma dole a cike shi, uba ya ce mana "da kaka ne, ana yankan dawa," takarda ba ta da wurin wannan, sai a sa 1 ga Janairu a wuce. Haka aka yi wa Inna lokacin da za ta Makka, aka je kotu aka yi takardar rantsuwar shekaru. Ita ta san ranarta sarai. Ran Juma'a ce, cikin watan Sha'aban, da sanyi. Takardar ce ba ta iya ɗaukar amsarta ba.

Me ya sa ba a yin biki duk shekara? Dalili biyu na gani da idona. Na farko tsoron baki. Mutanenmu ba sa son ƙirga 'ya'ya ko shelar shekarunsu, kamar yadda Bafulatani ba ya faɗa miki yawan shanunsa. Na biyu ya fi ciwo. A zamanin da na tashi, ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓin damina suna kwasar yara, uwa ta haifi tara ta rayar da huɗu. Don haka abin da ake wa murna shi ne tsallake mataki. Kwana bakwai a yi suna. Kwana arba'in mai jego ta gama wanka ta yi kwalliya ta fita yawon arba'in gidajen dangi. Wajen shekara biyu a yi yaye, a kai yaro gidan kakarsa. Sai kaciya da sanyi, sai saukar Alƙur'ani da allo mai zayyana, sai aure. Kowanne da tuwonsa da addu'arsa da taron dangi. Ki duba da kyau, kowane biki a cikinsu akwai abin da yaro ya kai ko ya tsira daga gare shi.

Sannan kada ki manta kalanda uku muke rayuwa da su. Akwai ta Hijira, wadda da ita muke azumi da salla. Akwai ta manoma, ta bazara da damina da kaka da hunturu, har malamai suna lissafin damina da taurari, Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne wajen kwana 13. Ta Turawa ce ta zo daga baya. Shekarar Hijira ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, shi ya sa ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ranar da aka haife ki muna farkon Rabi'u Sani na 1419. Amma a 2012, da kika cika 14, ranar 27 ga Yuli cikin azumi ta faɗo. Kin tuna? Daren ne aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, wanda yake cikin jerin da kika turo, kuka dawo daga asham ku da yayyenki kuka taru gaban talabijin, aka ta da janareta. To in an ce zagayowar ranarki, sai a tambaya, a wace kalandar?

Na karanta jerin naki da kyau, kuma akwai abin da ya taɓa ni a ciki. A ranar 27 ga Yuli 1921 ne wasu masu bincike biyu a Toronto ta ƙasar Kanada, Banting da Best, suka samu nasarar fitar da sinadarin insulin, wato maganin ciwon sukari, a gwajin da suke yi da karnuka, a farkon 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa ya rayu. Kafin nan irin wannan ciwon sukari hukuncin kisa ne. Kin san Malam da wannan allurar yake rayuwa yau shekara tara. In an ɗauke wuta a cikin ɗan tulu nake sa kwalbar, in binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi a bayan randa. Ban taɓa sanin ranarki ce ranar wannan magani ba sai da kika rubuto, na karanta wa Malam, ya yi shiru, sannan ya ce Allah mai hikima.

Sauran na wuce su da sauri. Tsagaita wutar yaƙin Koriya a 1953, wanda har yau ba a sa hannu a kan cikakken sulhu ba. Rasuwar Sarkin Iran da aka tumɓuke, a Alƙahira a 1980. Mai tsaron gidan Faraguwai, Chilavert, da aka haifa a 1965, wanda babanki ya dinga ba da labarin yadda gola yake buga firikik, don ana gasar cin kofin duniya a Faransa cikinki ya tsufa. Da kuma tashin farko na jirgin fasinja mai injin jet a Ingila a 1949.

Amma Altine, mai rediyon nan ya tsallake abin da ya fi kowanne kusa da ke, abin da ya faru a bayan gidanku. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi yaƙin Burmi, kuma ita ma Litinin ce, a farkon Jimada Awwal na 1321.

Ga yadda abin yake. Turawan Ingila sun riga sun shiga Bauchi da Gombe a 1902. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris, bayan arangamar filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai cika wata shida a kan gado ba a lokacin. Manyan Sakkwato suka rabu biyu a shawara. Waziri Buhari ya zauna tare da jama'ar da ba za su iya tafiya ba, ya yi sulhu don a tsira da rai da addini. Sarkin Musulmi kuwa ya zaɓi hijira, ya fuskanci gabas da niyyar kaiwa Makka, don dama akwai tsohuwar magana tun zamanin Shehu cewa wata rana jama'a za ta tashi ta nufi gabas. Ban ga wanda zan zarga a cikinsu ba, kowanne da hujjarsa a littafi. Abin da ya firgita Turawa shi ne yadda mutane suka bi shi. Damina na kawo kai, manoma suka bar gonaki, makiyaya suka koro shanu, mata da goyo, malamai da almajirai, har da sarakuna irin Sarkin Misau Ahmadu. Duk garin da ya ratsa sai ayari ya ƙaru. Turawa suka ga in aka bar shi ƙasar za ta zama kango, babu wanda za su mulka.

Burmi tana nan kusa da mu, wajen kogin Gongola, gari ne mai ganuwa a wancan lokacin. Malam Jibrilla Gaini ne ya mai da ita sansaninsa, ya daɗe yana gwabzawa da sarakunan Gombe, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lokoja. Mutanensa suna nan ba su watse ba. Ranar 13 ga Mayu 1903 wata rundunar Turawa ta far wa garin, mutanen Burmi suka tsaya da baka da kibiya da mashi, aka wuni ana yi, rundunar ta janye da raunuka ta koma Bauchi. Sai suka sake shiri, suka tattaro sojoji da igwa da bindiga mai ruwa, suka dawo ƙarƙashin Manjo Mash ranar 27 ga Yuli. Aka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Manjo Mash kansa kibiya mai dafi ta same shi ya mutu a wurin. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, gawarwakin mutanensa kewaye da shi, ɗaruruwa suka kwanta a ranar. Aka ƙone garin, bai sake tashi ba. Wani abin da yake ci mini rai duk sanda na tuna, yawancin sojojin da suka riƙe bindigogin nan baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa suke magana.

Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno. Suka ratsa Barno da ƙasar Chadi a ƙafa, shekara da shekaru, har suka zauna a Sudan a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Garin Mai Wurno yana nan har gobe, jikokinsu suna jin Hausa da Fulatanci. Da na ga maganar jirgin 1949 a jerinki sai na tuna da su. Hanyar da suka yi shekaru suna takawa, wasu suka mutu a kai, Inna ta yi ta cikin 'yan sa'o'i tana zaune a kujera.

Kakata, wato kakar babanki, da Burmi take lissafin shekarunta. Takan ce lokacin yaƙin ta isa ɗaukar ƙaramin tulu. Abin da ta riƙe shi ne ƙarar igwa da suka ɗauka tsawa ce, da yadda uwarta ta ja ta suka shige cikin dawa suka kwana, sauro na cinsu, ba a yarda ko tari a yi ba. Ba ta san kalmar Yuli ba har ta koma ga Allah. Amma ta san Litinin ce, ta san da damina ne, ta san dawa ta isa ɓoye babban mutum in ya durƙusa. Da na girma na ga ranar a rubuce a littafin tarihi, na lissafa, sai na tarar Litinin ɗin ce kuwa. Saboda haka in wani ya sake ce miki mutanenmu ba su damu da ranaku ba, ki ba shi labarin wannan tsohuwa.

Na je Burmi sau biyu, na farko da 'yan makaranta. Fili ne shiru, gonaki sun kewaye shi. Kabarin Sarkin Musulmi yana nan, na Baturen ma yana nan ba nisa. Yaran da na kai duk 'yan ƙasar Funakaye ne, amma da na tambaya kafin mu tashi, biyu ne kawai suka taɓa jin sunan Attahiru. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Yanzu maganar kek. Surukarki ba ta yi ƙarya ba, ba mu gaji wannan ba, daga Turawa ya zo. Ta fuskar hukunci malamai sun yi saɓani, wasu sun hana, wasu sun sassauta in babu saɓo da almubazzaranci, wannan ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa. Nawa ra'ayin shi ne kada ki ɓata da uwar mijinki a kan fulawa da sukari. In abokan aiki sun kawo a ofis don ƙauna, ki yi musu godiya, amma kada ki ɗauko shi ki kawo mata cikin gida, kada kuma ki ci bashi don a ɗauki hoto. Ni abin da nake yi da tawa ranar, in na ga watan ya kama, sadaka nake bayarwa ko ta ƙosai ce, in yi wa iyayena addu'a, don wahalar ranar uwa ce ta sha ta. Ke kuma kin yi sa'a. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da azumin Litinin, ya ce ranar ce aka haife shi, kuma a cikinta aka saukar masa da wahayi. Taki ranar duk mako take zagayowa.

Abu ɗaya da zamani ya fi mu, kuma ina so ki riƙe shi da hannu biyu, shi ne rubutu. Ki je ofishin Hukumar Ƙidaya ki karɓar wa yarinyar nan takardar haihuwa in ba ki riga kin yi ba, kada ta girma a yi mata rantsuwa a kotu. Ki samu littafi mai bango mai ƙarfi ki rubuta ranarta ta Turawa da ta Hijira, da ranar mako, da yanayin gari, da wanda ya raɗa mata suna, da abin da ake ciki a ƙasa. Ki bar shafi ki rubuta ta Inna yadda ita take faɗa, Juma'a, Sha'aban, da sanyi, tun tana da ranta da hankalinta.

In ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, ki roƙi maigidan ya kawo ku Bajoga ku kwana biyu. Zan sa ƙaninki ya nemo mota mu je Burmi da sassafe kafin rana ta yi zafi, mu yi wa mutanen nan addu'a, ki ga wurin da idonki. In za ki taho ki biya kantin magani ki sayo wa Malam allurarsa kwalba biyu, ki sa a fulas da ƙanƙara, nan ta yi wuyar samu kwanan nan. Ki gaishe da surukarki da kyau, ki ce ina yi mata barka da damina.

Goggonki.